Kujerar Inna Rabi

Shafi na 27

Daga alƙalamin Nusaiba ta Darmanawa

Na ga ƙorafinku, wai na bar Ramatu tsaye a ƙofar gidan mutane kwana huɗu ko ruwa ban ba ta ba. Laifin wutar unguwarmu ne, ba nawa ba. Hadiza ta Unguwa Uku, saƙonki ya kusa cika mini waya, shafin nan naki ne, sai ki sarara mini haka.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Watan Mayu ne na 1999, saura kwana biyu soja su miƙa mulki. Ramatu, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa, ta ga wani katin gayyata a hannun likita, a jikinsa an buga zanen wata karkatacciyar kujera, irin wadda ke tsakar gidansu a Gyadi-Gyadi sak. A ƙasan zanen an sa sunan Alhaji Abdulmalik mai zanen gine-gine. Alhali kuwa babanta ne ya zana, Malam Ɗanliti kafinta, wanda ya yi wa Alhajin aiki shekara ashirin da suka wuce. Sai ta ɗauko tsohon a tasi zuwa Tarauni, gidan Hajiya Zahra'u mai tara tsofaffin zanuka, inda ake baje kolinsu yau. Abu ɗaya ya kawo ta: a mayar wa babanta sunansa.

*

Falon ya cika da manyan riguna. Tun da aka ce soja za su tafi, duk mai babbar riga a garin nan ya kai ta wurin bugu, kowa ya kasa kunne ko za a ambaci sunansa a rediyo. Alhaji Abdulmalik ma yana cikin masu kasa kunnen. An ce kujerar kwamishinan ayyuka yake hari, shi ya sa ya tara manya su zo su ga aikin hannunsa.

Ramatu ta shigo da farar rigar aikinta a ƙarƙashin mayafi, tana riƙe da hannun Baba, don yanar ido ta rufe masa gani tun bara. Aka miƙo musu ruwa a kofin gilashi kamar sauran baƙi. Ta karɓa, ba ta sha ba.

Zanukan na jere a bango, kowanne cikin firam da gilashi, da 'yar fitilarsa a kansa.

"Baba, duk suna nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ga ɗakin nan da ba shi da kusurwa. Ga gadon da ke rataye. Ga kabad mai buɗewa ta gaba da baya."

"Sun sha wuya?"

"Fes suke. Sun fi mu samun kulawa."

Tsohon ya yi murmushi.

Zane ɗaya ne ba ya bango. Hajiya Zahra'u ta zaro shi daga gilashi ta shimfiɗa a teburin tsakiya don manya su ga layin da kyau. Har farar safa ta sa a hannu, ita kaɗai ke taɓa shi. Alhaji na tsaye a kansa, yana gyara hannun riga.

"Wannan ita ce uwarsu duka," in ji shi. "Na zana ta a saba'in da tara, lokacin da soja za su tafi karon farko. Aka ce in tsara kayan masaukin manyan baƙi. Da na kai, cewa aka yi kujerun aljanu na kawo, aka dawo mini da abina. Yau ga shi Hajiya ta ce har daga Legas ake bugo mata waya a kansu."

Wani mai jar hula ya sunkuya ya leƙa. "To amma me ya sa ta karkace haka? Ga ƙafa uku, ga hannu ɗaya."

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe. Ƙasar da aka daɗe ana danne ta, tana koyon tsayuwa da ƙafarta. Dole ta karkata kafin ta miƙe."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani har ya fara tafi.

"Ƙugun uwata ne."

Gaba ɗaya aka waiwayo. Ramatu ce ta yi maganar. Ta matso da Baba har bakin teburin.

"Ƙugun uwata ne, ba ƙasa ba. Rabi sunanta, Allah ya jiƙanta. Ta faɗo daga kan rumbu tana 'yar shekara tara, aka yi ɗori bai zauna daidai ba. In ta zauna a miƙaƙƙiyar kujera sai ta yini tana cije baki. Shi ya sa gefen hagu ya fi tudu da yatsa huɗu. Hannu ɗaya ne a dama, don da shi take dafawa ta miƙe. Ƙafa uku kuwa, tsakar gidanmu ba siminti, mai huɗu rawa take yi."

"Wace ce wannan?" in ji Alhaji. Sai idonsa ya sauka a kan tsohon. Ya saki fuska. "A'a, Ɗanliti. Ashe kana nan."

"Ina nan, Alhaji. An yini lafiya? Ya iyali?"

Kun ji fa. Mutum ya zo karɓar haƙƙinsa, ya tsaya gaishe da iyali. Haka Baba yake, kuma abin da ya fi ƙona wa Ramatu rai da shi ke nan.

"Jama'a, tsohon kafintana ne," in ji Alhaji. "Hannunsa na da kyau a katako, wannan ba zan ɓoye ba. Amma zane? Ko sunansa ba ya iya rubutawa."

"Da ajami yake rubutawa," in ji Ramatu. "Kowace takarda da Bismilla yake fara ta a sama, sunansa a ƙarƙashi. Hajiya, ki auna su. Kowacce ta gaza yatsa uku daga sama."

Hajiya Zahra'u ta zare tabarau. Doguwar mace ce mai furfura, ba ta da saurin magana.

"Na lura da haka tun ranar da aka kawo su. Alhaji ya ce mini gara ce ta ci bakinsu."

"Lallai garar ta iya riƙe rula," in ji Ramatu.

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Alhaji bai ji daɗi ba, amma bai girgiza ba. "Yarinya, takardar da gara ta taɓa datse bakinta ake yi, kowane ofis haka ake. Kin ce kuma kujerar na gidanku? Ai dole. Ni na ba babanki zanen ya yi mini samfuri, ya ɗauka ya kai wa iyalinsa. Ban taɓa tambayarsa ba, don na san halin da ake ciki. Yau alherin nawa ne ya zama abin zagi?"

"Allah sarki," in ji mai jar hula.

Duk abin da Ramatu ta ɗauko, sai mutumin nan ya karɓe ya juya shi ya zama nasa. Baƙin ciki ya cika ta.

Baba ya ja mayafinta. "Ramatu, mu tafi gida."

"Ba inda za ni, Baba. Shekara ashirin kana tafiya gida."

"Gidan mutane ne."

"Zanenka ne a bangonsu."

Hajiya ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ni dai abu ɗaya na sani, ba na rataye ƙarya a bangona. Na tara zanuka daga wurare da yawa, na masu digiri da na marasa shi. Abin da ya ja ni ga waɗannan layin ne. Ku duba, yana kauri yana siranta, ba kamar na sauran masu zanen gini ba. Na daɗe ina son in tambaye ka, Alhaji, da me ka ja shi?"

Nan fa Alhaji ya samu inda yake so.

"Alƙalamin ƙarfe, Hajiya, da tawadar Ingila. Da kaina nake zuwa da ita. Ba ta koɗewa, ruwa ba ya taɓa ta. A ofishina ba a taɓa jan layi ɗaya da wata tawada ba ita ba. Kaurin da kike gani kuwa, wannan hannu ne."

Bari in gaya muku wani abu, masu karatu. A wannan maganar ta tawada, Alhaji bai san ƙarya yake yi ba. Shi da hannunsa ya ba Ɗanliti kwalbar tawadar da alƙalamin, ya ce je ka gida ka zano mini abin da ka ga dama. Bai taɓa taka zauren Gyadi-Gyadi ya ga yadda ake aikin ba. Shi dai a kawo, ya datse sama, ya sa hannu a ƙasa.

"Ruwa ba ya taɓa ta?" in ji Ramatu.

"Ko kaɗan."

"To bari in zuba."

Ta ɗaga kofin a kan kujerar Inna.

"Zuba mana," in ji Alhaji, har da harɗe hannu. "Takarda ta jiƙe ta bushe, layi ko gezau. Sai dai ki ji da Hajiya."

Ramatu ba ta zuba ba. Ta sa ɗaya hannun a jaka ta ciro wata 'yar baƙar kwalba, takardar jikinta ta yi ja don tsufa. Ta dire ta a teburin.

"Ka gane ta, Alhaji?"

Alhaji ya ƙura wa kwalbar ido.

"A ƙasan akwatin Inna na same ta. Hajiya, duba murfin."

Hajiya ta ɗauka ta juya ta. "Ba a taɓa buɗe ta ba. Ga liƙin kamfani nan yadda yake."

"Ɗanliti," in ji Alhaji, muryarsa ta sauya, "mene ne wannan?"

Baba ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi.

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Alƙalamin ƙarfen nan ban san yadda ake riƙe shi ba, kuma na ji kunyar tambaya. Tawadar kuma na ga ta manya ce, na ji tsoron in ɓarnatar. Sai na fere alƙalamina na gamba, na yi da tawadar allona. Gawayi ne da ƙaro. Matata Rabi ce ma take dama mini."

Babu wanda ya nemi a yi masa bayani. Duk mai babbar rigar da ke falon nan ya taɓa tsugunawa a bakin rijiya yana wanke allo. Kowa ya san abin da ruwa ke yi wa wannan tawadar.

"Ajiye kofin nan," in ji Alhaji.

"Yanzu ka ce in zuba."

"Na ce ki ajiye."

"Ba a asibitinka nake aiki ba, ranka ya daɗe."

Hajiya ta shiga tsakani. "'Yata, tsaya. Ba sai an yi ɓarna ba. Kina da auduga?"

Ma'aikaciyar jinya da rashin auduga? Ramatu ta ciro daga aljihu. Hajiya ta ɗiba kaɗan, ta murza, ta tsoma bakinta a kofin. Ta taɓa can ƙarshen wani layi a gefe, sau ɗaya, ta ɗaga.

Audugar ta yi baƙi.

Ta sake ɗibar wata, ta jiƙa, ta goga a kan sa hannun Alhaji da ke ƙasa. Ta goga sau uku. Ta ɗaga ta fara sol.

Ramatu ta ji numfashinta ya dawo. A ranta ta ce shi ke nan, an gama.

Ashe ba a gama ba.

Alhaji ya zaro hankici ya share wuya. "To sai me? Tawada ba hannu ba ce. Shekara ashirin, wa zai tuna? Wataƙila ranar tawadata ce ta ƙare na ari tasa."

"Takarda arba'in da biyu?" in ji Ramatu. "Kullum tana ƙarewa, ga ta cike a kwalba?"

Mai jar hula ya duba agogo. "Wannan fa magana ce tsakanin maigida da yaronsa, ba ta taro ba ce. A kashe ta a cikin gida. Alhaji, ka ga tsohon nan bayan an tashi, ka share masa hawaye."

"Ba kuka ya zo yi ba," in ji Ramatu.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya. Ta kalli manyan, ta kalli tsohon. Ita ma da su za ta zauna a garin nan.

"To ko a yi haka. A rubuta a ƙasan kowanne: Alhaji Abdulmalik, da taimakon Malam Ɗanliti."

"Taimako, Hajiya? Wa ya taimaki wa?" in ji Ramatu.

"Ko wannan ban yarda ba," in ji Alhaji. Ya dawo daidai, don ya ga inda falon ya karkata. "Sunana ne a kai. Da shi Hajiya ta karɓa, da shi za a kai su Legas. Ke kuma yarinya, ki yi ta yawo da kwalbarki. Jibi ana rantsar da gwamna, wa zai tsaya maganar tawada?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ramatu ta duba fuskokin, ta ga kowa ya san wanda ya yi zanen, kuma babu wanda ya damu. Wasu har sun fara neman takalmansu da ido. Ba ta taɓa jin ta tsani taro kamar yau ba. Ga kofi a hannunta, amma ta san ba za ta iya zubawa ba. Kujerar gida ta tsufa, gara ta gaske ta shiga ƙafarta. Wannan takardar ce kaɗai ta rage da awon Inna a jiki.

"Ramatu," in ji Baba, "ba ni ruwan nan."

Ta ɗauka ƙishirwa ce. Ta sa masa kofin a hannu.

"Hajiya, a taimaka mini da faranti mai faɗi. Kada in ɓata miki kafet."

Ya fara naɗe hannun rigarsa, na dama, har gwiwar hannu. Tun tana ƙarama ta san wannan naɗin. Haka yake yi duk safiyar da zai wanke allo.

Ta kai hannu za ta karɓe kofin.

"Baba, a'a. Ni tsoratar da shi kawai na so yi."

"Na sani."

"Na Inna ne fa. Ba ka da idon da za ka sake wani."

"Na sani, uwata. Ke kin yi naki."

Ya lalubi teburin har yatsunsa suka samu bakin takardar. Ya ture farantin lemon da ke kusa, ya jawo tiren ƙarƙashinsa, ya ɗora takardar a kai. Hajiya ta yi wuf ta riƙe masa wuyan hannu.

"Malam, don girman Allah. Babu irinsa a ko'ina. Na yi shekara biyu ina bin Alhaji kafin ya sakar mini."

"Hajiya, zanen wa kika karɓa?"

Hajiya ta kalli sa hannun da ke ƙasan takardar.

"In na Alhaji ne, ruwa ba ya taɓa shi, da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji. In kuwa nawa ne, ni ban ba kowa ba."

Hajiya ta dube shi. Sannan a hankali ta saki hannun.

"Ɗanliti, kana hauka ne?" in ji Alhaji. "A kira maigadi."

Ba wanda ya motsa.

Baba ya yi Bismilla, ya karkata kofin. Ruwan ya sauka a tsakiyar takardar. Ya sa tafin hannu ya shafa daga dama zuwa hagu, a natse, ba fushi ba gaggawa. Hannun kujerar ne ya fara tafiya. Sai mazaunin mai tudu a hagu, sai ƙafafun uku, suka narke suka gangara cikin tiren. Ramatu ta toshe baki da mayafi. Ko ranar da aka fita da Inna ba ta ji zafi irin wannan ba, don ranar ba ita ta jawo ba.

Ya ƙara shafawa sau biyu, ya tsaya.

"Me ya rage?"

Ramatu ta duba. "Sunansa kawai, Baba."

"Ya fita sosai?"

"Raɗau."

Ya ɗaga takardar da yatsa biyu, ruwa na ɗiga, fara fat sai ɗan rubutun boko a ƙasa. Ya miƙa ta wajen da ya ji muryar Alhaji.

"Ga naka nan, Alhaji. Ban taɓa maka shi ba. A kai Legas."

Alhaji bai karɓa ba. Mai jar hula ya fasa neman takalmi. Hajiya ta juya tana kallon bangonta, firam bayan firam, ta sa hannu ta dafe mukullan buɗe su da ke rataye a wuyanta.

Baba ya ajiye takardar, ya goge baƙin tafinsa a gaban farar rigarsa.

"Ramatu, saura nawa a bango?"

"Arba'in da ɗaya."

Ya miƙo mata kofin.

"Ciko shi. Ki kai ni wurin zanen gadon."